Baba Gwadabe Mai Fito da Ganyen Doka

Da sanyin safiya, an yi yayyafi an ɗauke, ƙasa na ta ƙamshi, za ka ga Baba Gwadabe ya gangaro bakin kogi, masakinsa a ka, sandarsa a hannu. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa da kowa sai ya fara gaisawa da ruwa. Zai naɗe wando, ya tsoma ƙafa ɗaya, ya kasa kunne kamar mai sauraren gulma, sannan ya ɗaga kai ya dubi kudu, wajen duwatsun Doguwa. To, daga nan ake sanin ko yau akwai ƙetarewa ko babu.

Ga wanda bai san wurin ba, mashigi ne a kan hanyar jakuna da ta taso daga Bebeji ta nufi Tudun Wada. Arewa da mu ƙasa a shimfiɗe take, ta gero da gyaɗa, daga can ake kawo gishiri da kanwa da albasa. Kudu kuwa duwatsu ne da daji, ruwan sama ya fi sauka, sai dawa da rake da zuma, ga masu haƙar kuza da ke bukatar komai. Kowa na son abin da ke hannun ɗan'uwansa, kogi kuma ya zo ya kwanta a tsakani. Da rani akuya ma tsallake shi take yi. Da damina fa, sai Gwadabe.

Aikinsa fito. Ya zuba kaya a ƙaton masaki, ya tura shi gaba yana iyo. Mutum ya riƙe bakin masakin ya rufe ido yana salati. Jaki kuwa a kama shi ta kunne, a yi ta lallashi. Dikko, Bafulatanin da ke da ruga a tsallake, ya ce da idonsa ya ga Baba ya saɓa maraƙi a wuya ya ƙetare da shi, uwar na biye tana kuka. Tasalla mai ƙosai, taubashiyar Baba, ta ce tun yana saurayi haka yake, kwaɗo ne aka yi kuskure aka sa masa hula.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Ɗanliti mai gishiri, wanda kusan duk garin nan sun shaida.

Ɗanliti mutumin arewacin Kano ne, can inda rafi yashi ne kawai, ruwa ya bi ta kai ya wuce kafin a gama sallar azahar. Wata shekara ya sayar da gyaɗarsa kakaf, ya sayi gishiri, ya ɗora wa jakunansa a mangala, don ya ji cewa da damina gishiri na tsada a kasuwar Tudun Wada. Duk abin da ya mallaka a duniya yana bayan jakunan nan. Gishiri kuwa kowa ya sani, shi da ruwa ba sa ga maciji.

Ya iso mashigi da hantsi. Rana tarwai, ko gizagizai babu. Ruwa iya gwiwa. Ya ga Baba zaune a gindin tsamiya, masaki a kife, mutane kuma sun sauke kaya suna hira.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da hutawa. Na ga ruwan ba ya bukatar masaki, nuna mini inda ƙasa ta fi ƙarfi in kora jakuna."

"Alaikumus salam. Sannu da hanya, samari. Sauke kayanka ka sha ruwa. Yau babu shiga."

Ɗanliti ya dubi sama, ya dubi kogi, ya yi dariya. "Baba, gobe kasuwa. Wannan ɗan ruwan ko alwala bai isa ba."

Baba ya tashi, ya sa sanda ya tsamo wani ganye da ke tafe bisa ruwa, ya miƙa masa. "Ka san wannan?"

"Ganye ne."

"Madalla, ashe da malami muke tafe. Ganyen doka ne. Dubi nan duk, ka ga bishiyar doka? Babu ita sai can dajin kudu. Tun safe suke zuwa, ga kumfa, ruwan kuma ya yi sanyi a ƙafa. An yi ruwa mai yawa a kan duwatsu. Ku can sama kuke dubawa. Mu nan, ruwan da ke cin mutum ba a kansa yake sauka ba."

Ɗanliti bai yarda ba. A zatonsa tsohon so yake ruwa ya ƙaru don a yi fito a biya shi. Ya kora jakin gaba, jaki ya sa ƙafa a ruwa. Baba bai yi faɗa ba. Sai ya je ya rungume wuyan jakin, ya tsaya cak.

"Sakar mini dabba, Baba!"

"Ai ba kai na riƙe ba. Kai ka wuce, Allah ya kiyaye. Ni da jakin muke shawara."

Tasalla ta leƙo daga bayan kaskonta. "Ɗan nan, ƙyale shi! Mu ma mun gaji da miya lami. Shiga da kayan naka, yau duk masu ɗiban ruwa a gangare su huta da sayen gishiri."

Aka kwashe da dariya. Ɗanliti na cikin rantse-rantse, sai aka ji wani ruri daga kudu, kamar motar gyaɗa na hawan tudu. Kafin ya rufe baki, ga ruwa ja wur ya kwararo, ɗauke da kututture da rassa, ya shafe inda jakin zai taka. Rana kuma na nan tarwai abinta. Ɗanliti ya zauna daɓas a kan yashi. Tasalla ta ce sai da ta sa masa ƙosai a hannu sannan ya tuna yana da baki.

Kasuwar Tudun Wada dai ta wuce shi, amma ko ƙwayar gishirinsa ba ta jiƙe ba. Ruwa ya ƙi janyewa da wuri, mutane suka taru ta ko'ina ana jira. Dikko, wanda ambaliyar ta rutsa da shi a ɓangarenmu, ya ce, "Kai Kaɗo, kwance mangalar nan, shanuna ba su san Tudun Wada ba." Ya saya, 'yan'uwansa suka saya. Da ruwa ya lafa, Baba ya ƙetaro da masu zuma da masu dawa, su ma suka saya. Ɗanliti ya ga ashe kasuwa ba sai an je mata ba, inda ruwa ya tsayar da mutane nan take. Da shekara ta zagayo ya dawo da iyalinsa ya kafa rumfa a kan tudu, inda Baba ya nuna masa ambaliya ba ta kaiwa. Wasu suka biyo. Yau ga mahauta, ga maƙeri, ga masallaci.

Bana gwiwoyi sun ce sun gaji, Baba ya miƙa wa ƙanensa Surajo masaki. Ana ma raɗe-raɗin za a yi gada. Allah ya kawo ta. Amma kafin ta zo, bari a faɗa.

Baba Gwadabe, kai ne gadar da ba a kafa da ƙarfe ba. Kai ne ka iya cewa "a'a" ga mai sauri, ka sha zagi, ka kwana lafiya. Ba ka taɓa tambayar mutum garinsu ba kafin ka ƙetare da shi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Mu kuma matasa, kowa ya san ƙasar da yake takawa kamar yadda ka san taka, in ya ga ganyen doka a hanyar wani, kada ya yi shiru.

Ran kasuwar da ta wuce, Ɗanliti na tsaye gaban rumfarsa yana ba wasu baƙi labari, hannu na tashi sama. "Ina ganin ganyen nan na ce da jama'a, kowa ya tsaya, kada wanda ya shiga!" Bai lura yayyafi ya soma ba, ga tasoshin gishiri a waje. Baba ya zo wucewa yana dogara sanda. Ya jawo tabarma ya rufe su, ya ɗora dutse a gefe don iska, ya ci gaba da tafiya gida. Ɗanliti ko waiwayowa bai yi ba, labari ya kai wurin daɗi.