Mai Riƙe Mana Alƙibla

A masallacinmu na Port Richmond, nan Amurka, har yau tsokanata ake yi, wai ina tsayuwar salla kamar mai shirin kokawa, ƙafa nan, ƙafa can. Wani ɗan Nijar mai shagon turare kullum sai ya ce, “Malam, matso da ƙafar mana, sahu ne ba dambe ba.” Ko kallonsa ba na yi. Ina ya san teku, mutumin da ruwansa bai wuce na buta ba?

A kan jirgi na koyi tsayuwar nan. Ƙaramin jirgin sintiri ne na sojan ruwa, can gida Gana, inda na ƙarar da ƙuruciyata. Da tsufansa aka kawo mana shi, bayan ya gama yi wa Turawa aiki. Bindiga ɗaya gare shi a gaba, injinsa kuwa tari yake kamar mai asma. Amma da shi muka fatattaki manyan jiragen da ke satar mana kifi, muka tare masu fasa-ƙwaurin mai, muka tsamo masuntan da kwalekwalensu ya kife. Wallahi na so jirgin nan.

Musulmin ciki ba mu da yawa, duk 'yan zango ne. A bayan jirgi muke salla, kusa da tulin igiyoyi. Damuwarmu alƙibla: ka kabbarta kana fuskantar gabas, kafin ka yi ruku'u jirgi ya juya yamma kana kallon Abijan. Mai riƙe sitiyari wani Bafante ne, ɗan ƙabilar bakin teku, Kirista, ya girme mu duka, Papa muke ce masa. Ba wanda ya sa shi. Lokaci na yi sai ya duba kamfas mai nuna gabas da yamma, ya leƙo ta taga da Hausarsa ta bariki: “'Yan zango, na riƙe! Ku yi sauri!” Ba zai karkata jirgin ba sai mun sallame.

Daga baya na taho Amurka na kama tuƙin tasi. Takardun zama suka ƙi fitowa, in na bar ƙasar ba dawowa, ga iyali. Jirgin ma aka sallame shi daga aiki, aka ɗaure shi a tashar jiragen ruwa ta Sekondi yana cin tsatsa. Papa kan kira ni ya ce, “Zo ka gan mu, ni da tsohon jirgin nan, kafin ɗayanmu ya nutse.” Ni kuma burina bai wuce raka'a biyu a bayan jirgin ba, Papa yana sama yana daka mana tsawa. Kullum amsata ɗaya ce, sai takardu sun fito.

Wata rana da hantsi, na sauke fasinja kenan a bakin ruwa, wajen da ake gyaran jirage, sai ga kiran bidiyo daga Papa. Da farko ban gane abin da nake gani ba. Ashe masu sayen tsohon ƙarfe ne suka zo. Sun yanke gaban jirgin, sun cire ɗakin sitiyari, bayan kawai ya rage. Inna lillahi!

Papa da sandarsa ya lallaba ya hau. Ya jingina wayar inda muke shimfiɗa tabarma a da, ya ciro kamfas daga aljihu, ya ɗan gyara wa wayar zama ta fuskanci alƙibla.

“Malam, na riƙe,” in ji shi. “Yi sauri, sun tafi cin abinci ne.”

Na fito na shimfiɗa dadduma a gefen mota, na ajiye wayar kusa da ni. Ƙasa ba ta motsi, amma haka na ware ƙafafuna. Ban taɓa yin sallar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba, hawaye har kan gemu.

Da na sallame, na jiyo muryoyin masu yanka sun dawo. Papa ya matso da fuskarsa jikin waya, ya tsufa ƙwarai.

“In saki?”

Na ce, “Papa, don Allah ɗan ƙara riƙewa.”