Relen Motar Sadiƙu

Manzo ɗan Kalfu ne. Kamar sauran samarin Adar, yana tasawa ya bi yayyensa ci-rani Abijan, can ya koyi aikin wayar mota wajen wani dattijo. Da ya gaji da zaman ƙasar mutane ya dawo Tawa, ya kafa rumfa kusa da tasha, ya auri Zalika, 'yar Bambeye, suka haifi 'ya, Haula.

Abin da ya yi suna da shi shi ne sa kiɗa a mota. Masu motar talla da masu ɗaukar 'yan biki duk wajensa suke zuwa. Yakan ce musu ampili, wato na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi, ci gare ta. Mota ba ta fito da wutar da za ta ƙosar da ita ba. Sai an canza altarnatar mai cajin batir an sa babba, an ja waya mai kauri, an ƙara batir na biyu don kiɗa kawai. Tsakanin batiran nan kuma akan sa wani ɗan ƙarfe da ake kira rele. In an kashe mota, shi ke raba su, kiɗa ya sha nasa ya bar wa mota wanda za ta tashi da shi.

Wata damina ƙanin matarsa, Sadiƙu, ya kawo tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Ita kaɗai ce mota a ƙauyensu, can bayan Bambeye. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai marar lafiya likita, wato asibiti.

"Yaya, so nike in na kunna a ji ni har Tebaram," in ji Sadiƙu yana dariya.

Manzo ya yi aikin da kyau, ya rage rele kawai, kuma guda ɗaya ya saura a rumfar. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya tsaya da motarsa, yana sauri zai koma Maraɗi, shi ma rele yake nema. Manzo ya duba baƙo, ya duba na gida. A ransa ya ce na gida zai iya jira. Ya sa wa baƙon relen, ya haɗa batiran Sadiƙu kai tsaye da waya.

Ya san abin da ya kamata ya faɗa: kada ka kunna kiɗa mota na kashe. Amma in ya faɗa, Sadiƙu zai tambayi dalili, shi kuwa kunya ta hana shi cewa ya ba wani kayansa. Sai ya ce kawai, "Ka dawo ranar kasuwa in ƙara dubawa."

Sadiƙu bai dawo ba, noma ya riƙe shi. Manzo ya tuna zai kira shi, aiki ya sha kansa, ya manta.

Ranar da abin ya faru suna ake yi a ƙauyen. Tun safe Sadiƙu ya ajiye mota ƙarƙashin gawo, ya kashe ta, ya saki kiɗa, mata na rawa. Da rana ta take, sai ga mutane sun ɗauko mahaifiyarsa, Inna Hasiya, daga gona. Kububuwa ta sare ta a ƙafa tana tsinkar ganyen wake. Aka sa ta bayan mota, Sadiƙu ya murza makulli. Shiru. Ya sake, ko tari motar ba ta yi ba. Maza suka taru suka tura, amma an yi ruwa jiya, tayoyi suka nutse. A ƙarshe amalanken jaki aka ɗaura, aka kai ta bakin babbar hanya, aka yi ta jiran mai wucewa. Sai bayan la'asar suka iso likita a Tawa.

Ta rayu, amma ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

A farfajiyar likita Manzo ya ji labarin motar. Bai tambayi komai ba, domin tun kafin a gama ba shi ya san me ya faru. Ya ja Sadiƙu gefe ya faɗa masa duka, har da ɗan kasuwar Maraɗi.

Sadiƙu ya ce, "Ka ce in dawo, Yaya, ban dawo ba. Kuma ni na kunna kiɗan."

"Ban hwaɗa maka dalili ba."

"Ba ka hwaɗa ba," in ji Sadiƙu. Washegari ya kawo motar a ja, ya ce a cire komai. Manzo ya kwance ampilin da manyan bafuloli, wato lasifikokin kiɗa, da hannunsa, ba su kalli juna ba har aka gama. Suna gaisawa har yau, suna cin tuwo kwano ɗaya in sallah ta zo, amma dariyar da Sadiƙu ke shigowa rumfa da ita ba ta dawo ba.

Da aka sallami Inna Hasiya, Manzo ya ce ba za ta koma ƙauye ba. Ya gyara mata ɗakin da yake ajiye kaya, ya sa an yi mata sanda. Mutanen unguwa suka yi ta yabonsa, suna cewa irin wannan suruki sai an tona. Duk yabon da aka yi masa sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Wani ma'aikacin likita ya taɓa ce masa ko da ta iso da wuri ba lallai ƙafar ta tsira ba. Ya riƙe maganar nan kwana biyu, ta ƙi zama a ransa.

Zalika ta sani, Sadiƙu ya gaya mata. Ta yi kuka, ta yi sati ba ta yi wa Manzo magana ba sai ta abinci. Daga baya ta ce, "Baban Haula, ka bar Inna da abin da ta sani."

Bai iya ba. Wata safiya ya durƙusa daga bakin ƙofar Inna, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba, ya fara bayanin batir da rele. Tsohuwa ta saurare shi tana gyara zane bisa dungun ƙafar.

"Ni ban san waya ba, ɗana," ta ce. "Maciji na gani. Amma da ka hwaɗa ma yaron nan, da ya fi."

"Da ya fi, Inna."

"To, tashi ka tahi aiki. Allah shi yi maka albarka."

Ya ce amin, ya tashi.

Yanzu gashin Manzo ya fara fari. Yana nan a rumfarsa, yana sa kiɗa a motoci, don shi ne abincinsa. Mota ba ta fita hannunsa sai ya kashe ta, ya saki kiɗa, ya sake tada ta a gaban mai ita. Direbobi na ƙorafi yana ɓata musu lokaci, wasu har sun koma wajen wani. In ya taso da yamma yakan biya kasuwa ya sayo wa Inna goro, ya ba Haula ta kai mata, shi kuwa ya wuce ya yi alwala.