Dashen Tattasai da Mataccen Batir a Hanyar Geskeru

A zamanin da nake yawo tsakanin Agadas, Kano da Injamena, mota in ta ƙi tashi ƙarti huɗu ake nema. A tura, direba ya saki kuloci, ta yi tari biyu ta kama. Yanzu an kawo mana motocin da ake kira otomatik, waɗanda ko gari guda ya taru ya tura su ba su tashi. Irin wannan aminina Ba Kiyari ya saya, kuma a cikinta na raka shi gonarsa ta bakin kogin Komadugu.

Diffa, ƙarfe shida saura kwata

Ba Kiyari Babarbare ne, ni Bafulatani, don haka shekara arba'in muna zagin juna ba wanda ya taɓa fushi. Ya zo ƙofata da fitilu a kunne, bayan motar cike da dashen tattasai da ya yi sati shida yana reno. An ciro shi da asuba, an lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Dashe in ya bar ƙasa ba ya jira: ko ya shiga inuwar gona kafin rana ta take, ko noman shekarar ya tafi.

Na lura da abin da ya ɗaure buhunan da shi. Wayar jona batir ce, kabul, ja da baƙa, bakunanta huɗu sun ciji gefen buhu.

"Ba Kiyari, wannan igiya ce?"

"Ta fi igiya. Igiya tana cizo? Shiga mu tafi, makiyayi."

Shingen bakin gari, shida da kwata

Jandarma ya karɓi katunanmu, ya ɗaga buhu ɗaya, ya leƙa jarkar man injin ban ruwa, ya ce Allah ya ba da albarka. Minti goma muka yi. A gefen shingen muka sayi ƙosai mai zafi da shayi. Muka bi kwalta kilomita ashirin da biyu, sannan muka sauka kan rairayi wajen kogi. Gari ya waye tas. Fitilu suna nan a kunne, ba wanda ya tuna da su, har da ni.

Ƙauyen Bulama, bakwai da rabi

Saura kilomita tara mu kai gona, Ba Kiyari ya tsaya ya kashe inji. Ba a wuce ƙofar Bulama, wato mai gari, ba a sauka ba.

"Minti biyar," in ji shi.

Na ga gaisuwar Buzaye a Ayar, na ga ta Larabawan Cadi, na ga Yarbawa suna kwanciya ƙasa. Duk suna da ƙarshe. Ta Barebari ce kaɗai ban taɓa ganin ƙarshenta ba. Aka zauna a tabarma, wushe, wushe, wato sannu da Barbarci, ana tafa hannu a hankali. Aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi ruwan kogi, aka dawo kan gida. Aka kawo fura. Mutanen zaure kuma suka ga mota, suka jera wayoyinsu shida a caji.

Tara da minti goma muka fito. Ba Kiyari ya murɗa makulli, motar ta ce ƙat, ƙat, ta yi shiru.

Bulama ya tara maza su tura. Na ce kada su wahala. Ba Kiyari ya ce Bafulatani me ya sani ban da wutsiyar saniya. Suka tura ta har gindin wata aduwa, suka dawo suna haki. Amfanin turin ɗaya: dashen ya ɗan samu inuwa. Na taɓa buhun sama, ya bushe ƙayau. Ba Kiyari ya ɗaga gefe, ya ga ganyen ya fara sunkuyar da kai. Daga nan bai ƙara zagina ba, abin da ya sa na san hankalinsa ya tashi.

Wata babbar mota ta kifi daga wajen Boso ta tsaya, direban ya ce a jona. Na tambaye shi ƙarfin wutar batirinsa, ya ce ashirin da huɗu. Tamu sha biyu ce, da mun jona da mun ƙone ta. Muka yi masa godiya ya wuce.

Gindin aduwa, goma da rabi

Sai ga wata ƙaramar mota fara. Mace ce ke tuƙi, likitar dabbobi, sunanta Dija, za ta rigakafin shanu. Na ga alamar Bafulatana ce, na gaishe ta da Fulatanci, ta amsa, na faɗa mata halin da ake ciki da kuma ƙabilar mai motar. Idonta ya yi haske.

"Baba," ta ce wa Ba Kiyari da Hausa, "ashe bawanmu ne ya maƙale?"

"Ƴata, ki taimaka, dashe na mutuwa."

"Zan taimaka. Kabul fa?"

Ya nuna mata buhuna. Ta yi dariya har ta dafa mota. Muka kwance wayar, matan ƙauyen suka kawo ruwa a tulu suka sake jiƙa buhunan, ita kuma ta matso da motarta gaba da gaba, ta bar tazarar taku guda don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ta kashe inji.

Ba Kiyari ya ɗauki bakin ja da na baƙi zai maƙala a batirinta, wai ya goga su ya ga ko wayar na ba da tartsatsi.

"Ajiye, Baba! Da jarkar mai a bayanka? Wancan mai taba ma ya matsa can."

Ta sa aka cire wayoyin caji, aka kashe fitilu. Ta duba batirinmu ko ya tsage ko yana yoyo, ta goge farin gishirin da ya taru a kansa. Sannan ta miƙa wa Ba Kiyari bakin ja.

"Kai za ka yi da hannunka. Amma kowane baki ka maƙala, sai ka ce Fulani ne iyayen gidanka."

Ya dubi Bulama, ya dubi rana, ya dubi dashe.

Ja na farko ya tafi kan alamar ƙari ta mataccen batir. "Fulani ne iyayen gidana," a can cikin maƙoshi. Ja na biyu kan alamar ƙari ta batirinta. Baƙi na farko kan alamar ragi ta batirinta. Da ya nufi batirinmu da baƙi na ƙarshe ta riƙe hannunsa.

"Ba nan ba. Batir yana fitar da iska mai kama wuta. Nemi tsiraran ƙarfe a jikin inji, nesa da shi. Kuma ɗaga murya, Bulama bai ji ba."

Ya maƙala, ya faɗa da ƙarfi. Bulama ya rufe fuska da rawani.

Ta tada motarta, muka jira minti biyar. Ba Kiyari ya yi bisimilla ya murɗa. Ta kama! Dija ta sa ya cire bakunan daga na ƙarshe zuwa na farko, ba tare da sun haɗu ba, ta ce kada ya kashe inji sai ya yi rabin awa, ko da Bulama goma ya gani a hanya. Ya ce zai aiko mata da buhun tattasai. Ta ce ai haraji ne, ba kyauta ba.

Gona, sha biyu saura kwata

Ma'aikata suka kwashe dashen zuwa inuwar bakin ruwa. Da la'asar aka dasa. Buhu biyu na sama sun ƙone, sauran goma sha ɗaya suka miƙe. Muka ci tuwo da miyar busasshen kifi, muka juyo ƙarfe biyar saura. Da muka zo ƙofar Bulama, Ba Kiyari ya ɗaga hannu ta taga, wushe ɗaya tak, ya wuce.

Diffa, kafin magariba

Mun iso gida lafiya, godiya ga Allah, da matan ƙauyen da suka yi ta ɗauko ruwa, da Dija. Tattasan ya yi ja a lokacinsa, buhunta ya isa gare ta. Tun daga ranar Ba Kiyari ya sayi igiya ta gaske, kabul ɗin yana naɗe ƙarƙashin kujera, kuma kafin ya yi wa kowa sallama sai ya kashe fitila. Ni ma bai sake ce mini makiyayi a gaban mutanen ƙauyen nan ba, don shaidu sun yi yawa.