Ƙahonin Mpiyakhe

Kakana Mpiyakhe Zungu, ɗan ƙabilar Zulu, keken ɗaukar mutane yake ja a birnin Durban, da ƙahonin bijimi a ka, domin a haka Turawa suke son ganin masu jan keke. Shekarar da suka shirya tseren dogon zango, ya ajiye ƙahonin a gida, ya sa farar riga, ya je. Suka ce ba a ba baƙar fata lamba. Ya bi bayan masu tseren ba takalmi, yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, har ya riga kowa isa ƙofar filin da ake kammala tseren. Nan ɗan sanda ya tare shi da kulki, Bature ya wuce ya karɓi kofi.

Wani mai hoto ya ce, "Kai, ina ƙahoninka? Wa zai sayi hotonka haka?"

Aka aro na wani aka ɗora masa.

Da tsufa ya kwantar da shi, na ga hoton a kanti, na kawo masa.

"Kaka, ga ka nan!"

"Me suka rubuta a ƙasa, jikana?"

"Wai, Bazule cikin farin ciki."

Ya juya fuskarsa bango ya ce, "A garinmu ko saniya da sunanta."