Wata Biyu Inna Ba Gishiri

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sakkwato, ni da wani abokina malamin asibiti, cikin Fijo ta haya. Saƙo ne ya iske ni cewa Inna, mahaifiyata, ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya a Kebbe. Shekara biyu rabona da gida, aikin gwamnati ya cinye ni.

Kwalta sabuwa fil har Tambuwal, direba sai gudu kamar an biyo shi. A Dogon Daji muka sha fura, kwano sule biyu, abokina yana ta mita wai kuɗin mai sun buɗe wa masu nono ido. Daga Tambuwal kuwa sai jar ƙasa da ramuka a bayan akori-kura, ni da buhunan gero muna ta gware.

Na tarar da Inna bisa tabarma, ta rame, sai zuciyata ta karye. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta ko duban fuskata. Abokina ta yi wa maraba.

Ƙannena suka ce sun ji ana faɗin jiri alamar hawan jini ce. Wata biyu ke nan sun hana ta gishiri, sun ɗora ta kan soɓo, wato zoɓo, safe da yamma, ga azumin Litinin da Alhamis cikin zafin bazara. Abokina ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya matsa, ya saurara. Tamanin bisa hamsin. Da ta miƙe tsaye awon ya ƙara sauka.

"Inna, jininki ba hawa shikai ba, sauka shikai," in ji shi.

Ya bayyana mana cewa wani haka Allah ya yi shi, tasa'in bisa sittin, yana nomansa garau, babu komai. Amma in abin ya zo da jiri, ko suma, ko zufa mai sanyi, to sai asibiti. Ya ce a ajiye soɓon, a mayar da gishiri a miya, ta riƙa shan ruwa, azumin nafila ya dakata. Washegari muka kai ta Tambuwal aka duba ta.

Na roƙe ta ta biyo ni birni, ta ƙi. Ta juya wajen abokina ta ce, "Gaya mashi shi koma ga aikinai. Shi dai riƙa zowa tun ina iya tashi in tarbe shi."

Mun iso Sakkwato da la'asar sakaliya. Na koyi cewa ba kowane jiri ne hawan jini ba, a auna tukuna kafin a hana tsohuwa gishiri. Sauran darasin kuwa shi ne wanda Inna ta aiko mini ta bakin wani, alhali ina zaune gabanta. Ban ko kwance jaka ba kewarta ta kama ni.