Rabon Matattu

A ƙofar wani shago a Santo Domingo, wani dattijo sanye da rigar direbobin bas yana zaune a teburin wasan domino, idanunsa jajaye, yana ta hamma. Ina zaton yana cikin waɗanda giya ke kwantarwa da wuri, sannan ta tashe su tsakar dare su kwana juyi.

An buɗe kwalbar giyar rake, an ɗiga wa matattu rabonsu a ƙasa bisa al'ada, aka cika masa kofi.

"Sha mana, Eladio, ko uwargida ce ta hana?" in ji abokin wasansa.

Sai ya tuttular da kofin duka a ƙasa.

"Matattu su ƙara, mutumina. Su barcinsu ba ya yankewa. Ni da asuba rayayyu zan ɗauka."