Tatsuniyar da Iya Ba Ta Ƙarasa Ba

Ni ne ban kyauta ba, kuma na daɗe kafin in yarda da haka.

A Ruma na tashi, zamanin Turawa. Shekarar da aka kwashi iyayenmu maza aikin hanya, gida ya rage daga mata sai mu yara. Bayan isha, kakata Iya takan hura wutar kara a gindin rumbu, mu kewaye ta. Hayaƙi yana tashi a hankali, kukan shanun Fulani yana zuwa daga bakin daji, har mutum ya rasa ko a farke yake ko mafarki yake yi.

Wani dare ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku matsa mata wuri." Sai ta kawo labarin wani manomi da matarsa. Kullum da safe yakan fito da damin gero daga rumbu, ya ajiye mata a bakin ɗaki, ya wuce gona bai ce komai ba. Ita kuma ta sussuka, ta daka, ta tuƙa. Rannan ta ƙi sa gishiri a miya don ta ji ko zai yi magana. Ya cinye, ya wanke hannu. Ta sake, ya sake cinyewa, har damina ta fita. Ita tana ganin bai damu da ita ba. Shi kuwa yana zaton ciwo ne ya ɗauke mata ɗanɗano, yana tsoron ya kunyata ta.

Iya tana ja a hankali, tana tsayawa ta gyara wuta. Na gaji. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, babu kura, babu dodo, mutum biyu ne kawai suna cin tuwo. Yara suka kwashe da dariya.

"To, angona," in ji ta, "tunda ka fi ni sani, a bar ta nan."

Ba ta sake ɗauko ta ba har ta rasu.

Na girma, na auri Hauwa 'yar Runka. Ban taɓa zaginta ba, ban bar ta da yunwa ba, ina ganin iyakar aure ke nan. Wata rana na dawo daga kasuwar Batsari na tarar ta tafi gidansu. Dattawa suka tambaye ta laifina, ta ce babu, sai dai ba ta taɓa sanin abin da ke raina ba.

A ɗakin da ta bari na gane abin da Iya take nufi. A labarin nan kullum abu yana faruwa, ni ne ba ni da haƙurin ganinsa.

Na taka har Runka da ƙafa. A zauren mahaifinta aka kira ta, ta zauna nesa, kanta a sunkuye.

Na ce, "Hauwa, duk shekarun nan ina ganin wahalarki, ina jin daɗin zama da ke, amma ban taɓa faɗa miki ba. Ki yafe mini."